Zan tafi koyarwa a Koriya: dole ne sai na koyi yarensu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu kwantiragin shekara biyu na koyarwa a wata jami'a a Koriya ta Kudu, zan fara a watan Maris, kuma da Turanci zan riƙa ba da darasi. An ce mini ka daɗe a can. Shin dole ne sai na wahalar da kaina da koyon yarensu, tunda aikin bai buƙata ba? Yaya kuma zaman yake ga Bahaushe Musulmi? Iyalina za su biyo ni daga baya. Akwai kuma ƙanena da ya karanta Turanci, yana son ya zo ya koyar a makarantun yara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa ka shiga a sa'a.

Bari in fara sallamar ƙaninka, don tasa amsar gajeruwa ce, kuma a nan ne dillalan biza suke wanke mutane. Bizar da ake ba masu koyar da Turanci a makarantun yara da cibiyoyin lesin na kuɗi, waɗanda suke kira hagwon, sunanta E-2, kuma 'yan ƙasashe bakwai aka ware wa ita: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Shirin EPIK, wanda gwamnati take tura malaman Turanci makarantunta da shi tun 1995, shi ma kusan a kan wannan jerin yake tafiya. Najeriya ba ta ciki, Gana ba ta ciki, komai kyan Turancin mutum. Duk wanda ya ce masa ya kawo kuɗi zai samo masa wannan bizar da koren fasfo, to ya riƙe aljihunsa da kyau. Ƙofar da take buɗe gare shi ita ce ta karatu, musamman tallafin gwamnatin Koriya na GKS, wanda ake haɗawa da shekara guda ta koyon yaren kafin a shiga digiri. Taka bizar daban ce, E-1, ta malaman jami'a. Kuma ko ka san ana koyar da Hausa a can? Jami'ar Hankuk ta nazarin harsunan waje tana da sashen Afirka a Yongin, inda ake karanta Hausa da Suwahili da Zulu. Ranar da wani ɗan Koriya zai tare ka da "ina kwana", kada ka zaci mafarki kake.

Yanzu ga taka. In "dole" kake tambaya, a'a, ba dole ba ne. Na san Turawa da suka shekara goma a can, ban da "na gode" da sunan abinci biyu ko uku babu abin da suka iya, kuma albashinsu yana shiga duk wata. Amma ni shawarata ka koya, kuma ka fara tun kafin ka hau jirgi. Dalilina shi ne aikin da kansa zai yi maka katanga ba tare da ka lura ba. Ɗalibanka Turanci suke nema a bakinka. Mataimakin ofishin sashe, wanda ake kira jogyo, shi zai cike maka takardu, ya kira maka mai gyaran famfo. Manhajar Papago za ta fassara maka allon titi. Kowa zai kyautata maka, irin kyautatawar da ake yi wa baƙo, kuma mutanen nan sun iya karɓar baƙo. Sai dai baƙo ba a sa shi a shawara.

A zangona na farko mun yi wani taron sashe na kusan awa ɗaya da rabi, duk da yarensu. Ina zaune ina murmushi ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da aka tashi, shugaban sashe ya juyo ya ce mini da Turanci, babu wani abu muhimmi. Bayan mako biyu sai na ga jadawalin zango mai zuwa: an mayar da darasina ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana. Babu wanda ya yi don mugunta. An tambaya a taron ko akwai mai uzuri, kowa ya faɗi nasa, ni kuwa ina gyaɗa kai. Da na san kalma ɗaya tak, gumyoil, wato Juma'a, da na ɗaga hannu. Wata huɗu na yi ina lallaɓa ɗalibai muna ja da lokacin darasi baya kaɗan don in samu jam'i. Tun daga ranar na daina ɗaukar yaren a matsayin abin sha'awa.

Rubutun shi ne abin da ya fi sauƙi, kuma shi za ka fara gamawa. Sunansa hangul. Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙire shi a 1443, aka ƙaddamar da shi a 1446, don talaka ya iya karatu ba sai ya haddace dubban haruffan Sin ba. Hoton sarkin ne a takardar kuɗinsu ta won 10,000, kuma ranar 9 ga Oktoba hutu ce ta musamman don rubutun. Haruffan asali 24 ne, baƙi 14, wasali 10, ana tattara su gaɓa-gaɓa kamar an jera tubali. Wasu baƙaƙen ma hoton baki ne: ㅁ leɓe ne a rufe, shi ne m, ㄴ harshe ne ya taɓa dasashi, shi ne n. Mutumin da ya yi allo ya yi boko, wannan rubutunsa na uku ne, mako guda ya ishe ka. In kana kusa da Abuja, Cibiyar Al'adun Koriya tana nan tun 2010, kuma tana da ajin yaren.

Kada ka raina iya karatu ko da ba ka fahimtar ma'ana. Na sauka a ƙarshen Fabrairu, sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, wanda hunturun Jos ba ya ko kama ƙafarsa. Gidajensu ta ƙasa ake dumama su, bututun ruwan zafi ne a shimfiɗe a ƙarƙashin daɓe, suna kiransa ondol. A bango akwai ɗan akwati mai maɓallai huɗu ko biyar, duk da hangul. Na danna wanda ya kawo ɗumi, na ƙure shi, na bar shi haka dare da rana, ina gida ko ba na gida. Na sha barci mai daɗi a kan daɓe kamar kyanwa. Da takardar kuɗin gas ta zo sai da na zauna. Ashe akwai wani maɓalli da aka rubuta 외출, ana karanta shi wecul, ma'anarsa "na fita", shi ake dannawa in za a bar gida. Ba a kuma kashe tukunyar dumama ruwan gaba ɗaya a watan Janairu, lokacin da sanyi kan kai digiri 10 ƙasa da sifili, don ruwan bututu zai daskare ya fasa shi.

Abin da na fi so ka riƙe daga duk wannan amsar shi ne: ka koyi yaren nan daga Hausa, kada ka bi ta Turanci. Littattafan koyonsa kusan duk don Bature aka rubuta su. Za ka ga sun ɓata shafi uku suna yi masa bayanin abin da kai tun kana yaye ka sani. Zan rubuta kalmomin yadda kunnen Bahaushe yake jin su.

Ɗauki gaisuwa. In an tashi daga aiki suna ce wa juna sugo hashossumnida, ko goseng hashossumnida. Littafi zai ce maka ba ta da fassara. Mu kuwa muna da ita: sannu da aiki, sannu da ƙoƙari. Ta biyun ma a zahiri cewa take "kun sha wahala". In mutum ya haɗu da kai da rana ya ce shiksa hashossoyo, wato ka ci abinci, ba gayyatarka yake ba, gaisuwa ce, kamar yadda "ina gajiya" ba binciken lafiyarka ba ce. Sallama iri biyu ce: mai zama yana ce wa mai tafiya annyonghi gaseyo, a sauka lafiya, mai tafiya yana ce wa mai zama annyonghi gyeseyo, a zauna lafiya. Ba sa cewa "gidana" ko "uwata", sai uri jip, gidanmu, uri omma, innarmu, daidai yadda muke yi. Ba a kiran babba da sunansa. Malamin makaranta sonsengnim ne, kai gyosunim za a riƙa ce maka, mai shago sajangnim, mace mai sayar da abinci sau da yawa imo, wato inna, ƙanwar uwa. Matar aure mai yara da sunan ɗanta ake kiranta, kamar yadda muke cewa Maman wane. Kalmar "kai" kuwa kusan a guje ta ake yi gaban manya, a sa laƙabi a madadinta. Bature yana shan wahala da wannan. Kai da ka tashi kana ce wa mahaifinka "ku", kana jin nauyin ambaton sunan yayanka, ba sabon abu ba ne a wurinka.

Haka ma in suka tambaye ka shekarunka a haɗuwar farko. Ba katsalandan ba ne, suna son su san wane ne yaya wane ne ƙane, don nahawun jimlar da za su yi maka ya dogara da haka. A da har lissafin shekaru nasu daban ne, jariri da shekara ɗaya ake haihuwarsa, kowa kuma ya ƙara ɗaya a farkon sabuwar shekara. A watan Yunin 2023 doka ta mayar da su kan lissafin duniya a harkar hukuma, amma a baki har yanzu shekarar haihuwa suka fi tambaya.

Akwai wani wuri da na ji daɗi ƙwarai. In aka ce maka "ba ka ci abinci ba?" kuma ba ka ci ba, me za ka ce da Hausa? "I, ban ci ba." Su ma haka: ne, i. Abokan ajina Amurkawa sun yi watanni suna juya wannan, ni ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe a kansa ba. Sai kalmar mokda, ci. Suna cin shekaru in sun manyanta, suna cin zagi inda mu muke shan zagi, suna cin zuciya in sun ƙudura niyya, suna cin magani inda muke shansa. Wanda yarensa yake cin kasuwa, yake cin amana, yake cin jarrabawa, ba zai yi mamaki ba.

Lambobi ne suke firgita masu koyo, don jeri biyu ne. Akwai na asali, hana, dul, set, net, akwai kuma aro daga Sinanci, il, i, sam, sa. Awa da na asali ake faɗa, minti da na aro, kuɗi da na aro, ƙirga mutane da na asali. Ka tuna mu ma ɗaya zuwa goma namu ne, amma ashirin da talatin da arba'in na Larabawa ne, sai abin ya rage ban tsoro. Inda za ka yi hankali shi ne kuɗi: ba da dubu suke ƙirgawa ba, da dubu goma, man. Won 50,000 a bakinsu "man biyar" ne. Na taɓa miƙa wa mai tasi kuɗin da ya ninka nasa sau goma, Allah ya sa mutumin kirki ne. Aron Sinanci kuma ya fi rabin kalmomin ƙamus ɗinsu, kuma yana aiki kamar saiwar Larabci a wurin wanda ya yi islamiyya. Yadda ka san ilimi da malami da mu'allim da ta'alimi tushensu ɗaya, haka hak, karatu, yake cikin hakkyo makaranta, hakseng ɗalibi, dehak jami'a, suhak lissafi, banghak hutun makaranta, da hagwon ɗin da na ambata. Ka riƙa tattara kalmomi dangi-dangi, ba ɗaya-ɗaya ba.

To amma kada in yi maka daɗin baki. Akwai wuraren da Hausa ba za ta cece ka ba. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kamar a ce "ni shinkafa ci", kuma korewa da lokaci da girmamawa duk a wutsiyarsa suke rataye, don haka sai mutum ya kai aya kafin ka san zai yi ko ba zai yi ba. Baƙaƙensu uku-uku ne: dal wata, tal abin rufe fuska, ttal 'ya mace. Na ukun, mai matsewa, kunnenmu ya ɗan saba da irinsa saboda ƙ da ts, ko da yake ba daidai suke ba. Na farko da na biyun ne suka fi ba ni wuya. Wasula kuma sun fi namu biyar ɗin yawa. Akwai wani tsakanin a da o wanda ba mu da shi, kuma da shi ake faɗin kofi. In ka faɗa da o ɗinmu na Hausa, kopi, ka ce haɓo. Na fi wata biyu ina shiga shagon shayi na harabar jami'a ina cewa a ba ni haɓo ɗaya mai zafi, yarinyar tana danne dariya tana miƙo mini, har sai da wata ɗaliba ta ji tausayina ta faɗa mini. Abin da ya rage mini haushi shi ne su ma ba su da f, p suke sawa, don haka wannan gorin da ake yi wa Bahaushe a Legas babu mai yi maka shi a Seul. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana sa yaren cikin mafiya wuya ga mai Turanci, tana ƙiyasta awa 2,200 na aji. A shekara biyu tare da aiki ba za ka ba da lacca da shi ba. Za ka iya cin kasuwa, ka ga likita, ka kama zaren taro, ka yi hira da maƙwabci. Wannan ɗin kake nema.

Matakan girmamawa su ne inda kuskure yake da tsada. Akwai jondenmal, maganar ladabi, akwai banmal, maganar tsara da yara. Ka manne wa wadda take ƙarewa da yo, da kowa, har da ɗalibanka, sai ka shekara. Kada ka ɗauki yare daga finafinai, don yawancin abin da suke yi banmal ne. A gidan da na zauna akwai wani dattijo mai gadi, ya kusa saba'in. Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba: ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da ledar sharata. A can shara ba a kowace leda ake zuba ta ba, akwai ledar hukuma ta unguwarku da ake saya a kanti, tsarin da aka fara tun 1995, ragowar abinci daban, roba daban, kwalba daban, kwali daban. Ni na haɗa komai a ledar cefane. Ya zazzage ta a gabana, ya ware, yana faɗin sunan kowane abu yana sa ni maimaitawa. Bayan kwanaki, don in nuna masa na fara iyawa, na tare shi da bap mogosso, "ka ci abinci?", irin yadda za ka tambayi yaro ɗan shekara biyar. Ya tsaya ya dube ni, ya ɗaga yatsa, ya ce: "Yo." Sannan ya fashe da dariya. Shi ya zama babban malamina. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, ba ya gaggawa, kuma yana da lokaci. Da ya ji daga Afirka nake, abin da ya fara tambaya shi ne ko Habasha, don sojojin Habasha sun yi yaƙi a gefensu a yaƙin 1950 zuwa 1953, kuma tsofaffi ba su manta ba.

Irin waɗannan za ka nema: mai gadi, tsofaffin mata na kasuwar gargajiya, mai wanki, mai tasi. Matasa da zarar ka yi tuntuɓe za su juya zuwa Turanci don su taimake ka, sai ka koma gidan jiya. Amma hira kaɗai ba ta isa, sai da aji. Da ka karɓi katin zama, wanda dole ne ka nema a ofishin shige da fice cikin kwana 90 da saukarka, kuma sai da shi layin waya da asusun banki suke daidaita, ka yi rajistar shirin KIIP, ajin koyon yare na Ma'aikatar Shari'a. Matakansa daga 0 zuwa 5 ne, na 1 zuwa 4 kowanne awa 100, akwai ajin ƙarshen mako, kuma kammala shi yana taimakawa in ka nemi izinin zama mai tsawo. Jarrabawar ƙwarewa kuma TOPIK ce, mai matakai shida. Ka sa wa ranka mataki na 3 kafin kwantiraginka ya ƙare. Duk wata tambayar biza, ka kira 1345, suna amsawa da Turanci. Kuma kada ka karɓi lesin na kuɗi a waje, ko da iyayen yara sun roƙe ka, bizarka ba ta yarda ba sai da izini, kuma ana korar mutane a kai.

A aji, shirun ɗalibai zai dame ka da farko. Ka yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ba rashin sani ba ne. Yaran nan sun fito daga tsarin da komai yake rataye a kan jarrabawa ɗaya, sunung, da ake yi wata Alhamis a watan Nuwamba, wadda har tashi da saukar jirage ake dakatarwa lokacin sashen sauraron Turanci. Kuskure a gaban jama'a abin kunya ne babba. Ka raba su uku-uku ko huɗu-huɗu, sai ka ji bakinsu ya buɗe. Ka koyi karanta sunayensu da hangul ka kira su daidai, kuma kada ka rubuta sunan mutum da jan biro, da mamaci ake danganta shi. Jami'o'i da yawa suna ƙayyade adadin waɗanda za a ba A, ka tambayi ƙa'idar tun farkon zango. Samari za su ɓace su dawo bayan kusan shekara biyu, aikin soja ne na dole. Ranar malamai 15 ga Mayu ce, amma tun 2016 akwai dokar da ake kira ta Kim Yong-ran wadda ta hana malami karɓar kyauta daga ɗalibin da yake ba maki, don haka ko ɗan ƙaramin abu ne, ka mayar cikin fara'a. Sanarwa kan zo a ƙurarren lokaci ta manhajar saƙo ta KakaoTalk, a fayil ɗin rubutu irin nasu, HWP, da kwamfutarka ba za ta buɗe ba sai ka sa manhajarsa, kuma ana son amsa yau. Ppalli-ppalli suke cewa, maza-maza. Lokaci kuwa, in an ce tara, tara saura biyar ake nufi. Wannan ɗabi'ar tamu ta "ina hanya" ka bar ta a filin jirgi.

Wurin da addini da zumuncin aiki suke karo shi ne hweshik, cin abincin dare na ma'aikata. Yawanci gasasshen naman alade ne, samgyopsal, da giyarsu soju. Wasu 'yan uwa suna ƙin zuwa gaba ɗaya, kuma ban ga laifin wanda zuciyarsa ba ta natsu ba. Ni dai na zaɓi in je in ci abin da ya halatta, in tashi kafin a wuce zagaye na biyu, don na lura rabin shawarar sashe a teburin nan ake yanke ta. Nahawu zai taimake ka a nan. Korewa iri biyu ce: an da mot. An mashoyo na nufin ba na sha, kuma yana iya zama kamar ka ƙi tayin babba. Mot mashoyo na nufin ba ni da ikon sha. Ka ce jonggyo ttemune mot mashoyo, saboda addini ba zan iya ba, sau ɗaya, a gaban shugaban sashe. Daga nan za a riƙa ajiye maka saida, wani lemo fari mai gas, babu giya a cikinsa duk da sunan. Ka karɓa da hannu biyu, ka jira babba ya fara ɗaukar cokali. A wurinmu bayan wata uku aka fara zaɓar gidan gasasshen kifi saboda ni, ba tare da na roƙa ba. Wannan karanta yanayi ba tare da an furta ba shi suke kira nunci, mu kuma mu ce kara da lura.

Kalmar da za ka fara haddacewa a kanti ita ce 돼지고기, dwejigogi, naman alade. Ana rubuta ta a bayan kwali cikin jerin abubuwan da ke cikin abinci, kuma za ka yi mamakin inda take ɓuya: taliyar leda, alewa mai danƙo, burodi, miya. Gimbap, naɗaɗɗiyar shinkafarsu, kusan kullum da yankan alade a ciki, sai ka ce hem ppe juseyo, a cire. Miyar kimci, wato kabejinsu mai tsami da yaji, da alade ake yinta sai in ka nemi ta kifin tuna. Naman halal daskararre ana samunsa a shagunan 'yan Pakistan da Uzbekistan, kuma suna aikowa har gida. Babban masallacin Seul yana Itewon, an buɗe shi a 1976, akwai wasu a Busan da Ansan da Jonju, kuma kusan kowace babbar jami'a ɗalibai 'yan Indonesiya da Bangaladash da Pakistan sun kama wani ɗaki sun mayar musalla. Su za ka fara nema, tun makon farko. Juma'a ranar aiki ce, sallar idi ma haka, don haka ka yi maganar jadawalinka da jogyo tun yanzu, kafin ka tafi. Kada ka maimaita tawa.

Batun fata, ba zan ɓoye maka ba. Za a kalle ka, musamman a ƙananan garuruwa. Wata rana kujerar kusa da kai a jirgin ƙasa za ta zauna babu kowa alhali mutane suna tsaye. Ƙasar ba ta da cikakkiyar dokar hana wariya, kuma rikicin ginin masallaci a birnin Degu, inda a 2022 wasu mazauna unguwa suka ajiye kawunan alade a bakin wurin, ya nuna akwai masu ƙyamar Musulmi. Amma a shekarun da na yi, yawancin kallon na rashin sabo ne, kuma na sha ganin fuska ta sauya nan take da na buɗe baki na gaida mutum da yarensa. Kaɗaici ya fi wariya cizo. Koriya tana gabanmu da awa takwas, lokacin da ka taso aiki gida ana hantsi, lokacin da suka natsu da dare kai asuba ta kusa. Bukukuwan Cusok da Sollal, kwana uku-uku, kowa yana tafiya garinsu, harabar jami'a ta zama kufai. Kada ka yarda waɗannan kwanakin su same ka kai kaɗai a ɗaki, ka hau KTX, jirgin ƙasa mai gudu, ka tafi wurin 'yan uwa.

Iyali kuma, in da hali su zo da bazara, bayan ka kama gida ka san hanyar asibiti, kada su fara da sanyi. Ka tambayi jami'a ko ita za ta ba da gida, don kuɗin ajiyar da masu gida suke karɓa kafin a shiga yana da yawa sosai. Uwargida ce za ta fi jin zaman, kai kana da ofis ita ba ta da shi, don haka ajin yaren ya fi zama wajibi a kanta fiye da kai. Yara kada ka damu da su, wata shida za su riƙa gyara maka furuci. Damuwarka ta zama Hausarsu, ku sa dokar ba a yin wani yare a gida.

Kayan tafiya: rigar sanyi ta gaske a can za ka saya, tamu ba ta yi. Takunkumin fuska zai yi maka amfani a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙura take tasowa daga hamadar Sin da Mongoliya, hazo sak irin namu. Ka sayi injin aski, don masu askinsu ba su san gashinmu ba, da abin sauya kan soket, nasu mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, a daka su a ɗaure da kyau, ka kuma bayyana su a takardar kwastan a filin jirgin Inchon. Kilishi da dambun nama kuwa, duk yadda Hajiya ta matsa, ka cinye su kafin ka sauka. An hana shiga da kowane irin nama, akwai karnuka masu sunsuna jaka, kuma tarar tana da nauyi.